BATIRIN RUWAN GISHIRI: ABIN DA YA KE IYAWA DA ABIN DA BA YA IYAWA

Jawabi ga Hakimai da malamansu na ƙasashen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa

Abin da za a tattauna yau ƙaramin abu ne a ido: kofi, da ruwa, da gishiri, da guntayen ƙarfe iri biyu. In an haɗa su bisa ƙa'ida sai wutar lantarki ta fito, 'yar kaɗan, amma ta gaske. Wani ya ce wannan ai wasan 'yan makaranta ne, me ya kai shi zauren Hakimi? Dalili kuwa shi ne, zance ya yawaita a wayoyin hannu da rumfunan kasuwa cewa ana iya haskaka gida, har a cika batirin waya, da ruwan gishiri kurum. Talaka in ya ji abin da ya ɗaure masa kai, wurin Mai-unguwa ya kan nufa, Mai-unguwa ya tura shi ga Dagaci, Dagaci kuma ya kawo maganar gaban Hakimi. Ya kamata in ta iso nan ta tarad da amsa tana jiranta. Akwai gaskiya cikin zancen, akwai kuma ƙarin gishiri, sai an zauna an rarrabe.

Asalin abin

A ƙasar Italiya, a birnin Bolonya, an yi wani likita, malamin jami'a, sunansa Luigi Galvani. Yana cikin binciken jijiyoyin kwaɗo sai ya lura da wani abin mamaki. In ƙafar mataccen kwaɗo tana maƙale da ƙugiyar tagulla, ta kuma taɓi baƙin ƙarfe, sai ta zabura kamar mai rai. A shekara ta 1791 ya buga littafi, ya ce lantarkin a jikin dabbar ya ke.

Wani masani ɗan ƙasarsu, Alessandro Volta, na jami'ar Pavia, da fari ya yarda, daga baya ya ja. Ya ce asirin ba ga kwaɗo ya ke ba, yana ga ƙarfe iri biyu da danshin da ya shiga tsakaninsu. Da musu ya yi tsawo, ya ga ba abin da zai raba gardama sai a fid da kwaɗon daga cikin sha'anin ɗungum. Ya yanka 'yan faya-fayai kamar kwabo, waɗansu na azurfa ko jan ƙarfe, waɗansu na tutiya. Tutiya ita ce farin ƙarfen nan da a ke shafe kwanon rufi da bokiti da shi don kada su yi tsatsa, ba tutiyar baki ba, ko da ya ke za a zo ga wannan ma nan gaba. Ya jiƙa kwali da ruwan gishiri, ya yi ta ɗora su bisa juna, jan ƙarfe, kwali, tutiya, har suka yi tsiri. Da ya taɓa sama da ƙasa da jiƙaƙƙen hannu sai ya ji fizga. Ran 20 ga Maris 1800 ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan labarin abin da ya gano, a 1801 kuma ya gwada shi gaban Napoleon a Paris. Cikin wannan takarda ya bayyana wata hanya ta biyu, watau a jera kofuna na ruwan gishiri a haɗa su da ƙarfe daga wannan zuwa wancan. Ita ce za a gwada yau, ba a sāke kome ba cikin shekara fiye da 220.

Galvani ma bai ɓata gaba ɗaya ba, gama daga baya an tabbatar jijiyoyin mutum da na dabba da lantarki su ke aika saƙo. Amma a kan wannan gardama Volta ne da gaskiya, don haka a 1881 aka sa wa ma'aunin ƙarfin lantarki sunansa. Shi ne bolt da a ke gani rubuce a jikin kowane batir. Na mota, mai dalma da ruwan batir, wani Bafaranshe Gaston Planté ya ƙago shi a 1859. Na tocila kuwa jikan wanda Georges Leclanché ya yi ne a 1866, har yau kuma gwangwaninsa na tutiya ne.

Yadda a ke haɗa shi

Duk kayan ana samunsu a kasuwar Kafin Maiyaƙi ko ta Tudun Wada, waɗansu ma a bayan ɗaki. Ana bukatar kofi huɗu na roba, ko robobin ruwa da aka yanke a tsaka. Kada a ɗauki kofin ƙarfe. Ana bukatar ƙusa huɗu masu shafen tutiya, irin na buga kwano, ko kuwa yankakken sabon kwano mai faɗin yatsa biyu, wanda ya fi ƙusa aiki. Sai jar waya ta lantarki da aka feɗe wa roba, da gishirin miya, da ƙaramin ƙwan fitila mai ƙafa biyu, irin wanda a ke kira LED, wanda kowane mai gyaran rediyo ke da shi a gwangwani.

A zuba ruwa a kofi, a sa gishiri babban cokali ɗaya, a motsa har ya narke. A goge ƙusa da waya da samfefa ko da rairayi har su yi haske, gama datti da maiƙo suna tare hanya. A naɗe wayar a yatsa sau goma ko fiye, ta zama kamar zobba, domin yawan jikinta ya shiga ruwa. A tsoma ƙusa a wannan gefe, waya a wancan gefe, kowanne kansa na waje. Abin da za a kiyaye ƙwarai shi ne kada su taɓa juna cikin ruwa. In sun taɓa, wutar za ta yi ta kewayawa a ciki, ba ta fitowa, ƙusa kuwa tana ta lalacewa a banza.

In an ari mitar mai gyaran rediyo aka ɗora a kan ƙusa da waya, za a ga wajen bolt 0.7 zuwa 0.8. Batirin tocila guda yana da 1.5, na mota 12. Jan ƙwan LED ba ya buɗe ido sai ya sami kusan bolt 2, fari kuwa sai wajen 3. Ashe kofi ɗaya ba ya isa. Sai a jera su, wayar kofi na fari a ɗaure ta ga ƙusar na biyu, wayar na biyu ga ƙusar na uku, haka har ƙarshe. Ƙusa ɗaya za ta ragu a wannan baki, waya ɗaya a wancan. Doguwar ƙafar ƙwan ta tafi ga waya, gajeriyar ga ƙusa. In an juya su ba zai kama ba, ba kuwa lalacewa ya yi ba, a sāke juyawa. Kofi uku su kan tada ja, fari sai huɗu ko biyar. A shiga ɗaki a rufe taga, sa'an nan za a ga hasken sosai.

Wanda ya ke da tsofaffin kwabbai na jan ƙarfe, irin waɗanda aka buga a 1973, yana iya yin tsirin Volta kansa: kwabo, kwali jiƙaƙƙe, yankin kwano, kwabo kuma. Sai dai a matse kwalin kaɗan, kada ruwa ya zurara ta gefe ya haɗa na sama da na ƙasa.

Yara su kan tambaya, in an ƙara gishiri ko an sa babban bokiti, bolt zai ƙaru? Ba ya ƙaruwa. Mutanen Bebeji ba su bukatar dogon bayani a nan, gama suna da Tiga. Bolt kamar tsawon da ruwa ke gangarowa ne daga saman madatsa. Yawan wutar da ke gudu, wanda a ke aunawa da amfiya, kamar yawan ruwan da ke bin magudana ne zuwa gonakin Kadawa. Irin ƙarfen da aka haɗa shi ke yanke tsawon gangara. Faɗin ƙarfe da kaurin gishiri su ke faɗaɗa magudana. Mai son gangara ta ƙaru sai ya ƙara kofi a jeri, mai son ruwa ya yawaita sai ya ƙara faɗin kwano da yawan waya.

Ina wutar ta ke fitowa

Nan ne gindin maganar, nan ne kuma a ke ruɗin mutane. A bar kofunan nan da ƙwansu kwana biyu ko uku, kana a ciro ƙusa a duba. Za a ga haskenta ya dushe, wani farin gari ya kwanta a jikinta da gindin kofi. In an ƙara kwanaki, shafen ya cinye, baƙin ƙarfen da ke ƙarƙashi ya fito ya soma tsatsa, ruwa ya yi ja, wuta ta mutu. Jar waya kuwa tana nan yadda ta ke. Gishirin ma yana nan cikin ruwa, bai tafi ko'ina ba.

Abin da ya faru shi ne, tutiya tana narkewa cikin ruwa kaɗan kaɗan. Kowace ƙwayar tutiya da ta rabu da ƙusa tana barin ƙwayoyin lantarki biyu a baya. Waɗannan su ke bin waya, su ratsa ƙwan fitila su haskaka shi, su sauka a jan ƙarfe, inda iskar shaƙa da ke narke cikin ruwa ta ke karɓe su. Aikin gishiri ɗaya ne, ya buɗe hanya cikin ruwa tsakanin ƙarfen biyu domin kewayen ya cika. Gishiri dillali ne. Shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, amma hajar ba tasa ba ce. Mai haja shi ne ƙarfen da ke cinyewa. Shaidar haka, in an sa ruwan lemon tsami ko jiƙon tsamiya maimakon gishiri, ko aka soka ƙusa da waya cikin ɗanyen dankali, wuta tana fitowa. In kuwa aka tsoma jar waya biyu iri ɗaya cikin ruwan da ya fi na teku gishiri, ba a samun abin kirki.

Wannan kuma shi ke bayyana abin da ya sa haske ke raguwa bayan 'yan mintoci. Iskar da ke kusa da waya ta ƙare, wani lokaci kuma 'yan kumfa su lulluɓe ta. A girgiza kofi, ko a ciro waya a mayar, sai haske ya farfaɗo na ɗan lokaci. Wannan aibi shi ya dami masanan farko, har John Daniell na Landan ya yi masa magani a 1836 da wani batir mai ruwa iri biyu.

To, ita tutiyar daga ina ta samo ƙarfin da ta ke bayarwa? Amsar tana ƙasar Doguwa. Duwatsun Riruwai sun shahara da kuza tun kafin zuwan Turawa, maƙeran wurin suna narka ta suna sayarwa har nesa. Cikin jijiyar dutsen nan, tare da kuza, akwai ma'adinin tutiya mai yawa, domin su biyu aka haƙa babban ramin ƙarƙashin ƙasa, wanda aikinsa ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Amma in wani ya ɗebo dutsen tutiya daga Riruwai ya jefa a ruwan gishiri, ba zai kunna fitila ba ko ya shekara yana jira. Tutiyar da ke cikin dutse a ɗaure ta ke da farar wuta, ba ta da abin bayarwa. Sai an kai ta masana'anta an gasa, an narka, an kashe mata wuta mai yawa, kafin ta fito fara tas. Wannan wutar da aka kashe ita ce a ke karɓo kaɗan daga cikinta a kofi. Ƙusa kamar rumbu ce da wani ya cika a wata ƙasa mai nisa. Mai kofi ɗiba ya ke yi, ba noma ba.

Haka sanholo, farin ƙarfe marar nauyi na gwangwanin lemo da tukwane, wanda shi ma yana aiki a madadin tutiya in an kankare fentinsa ciki da waje. Kafin a sami kilo ɗaya nasa daga ƙasa sai an ƙone wajen yunit 14 na lantarki, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa.

Lissafi

Malaman Hakimai ma'abota lissafi ne, sai su ɗauki alƙalami. A ce kowane kofi ya ba da bolt 0.75, wutar da ke gudu kuma ta tsaya a kashi 2 cikin 1,000 na amfiya, wanda an yi wa ƙusa da waya alheri ke nan. Kofi huɗu a jeri sun ba da bolt 3. In an ninka, ƙarfinsu duka kashi 6 ne cikin 1,000 na wat ɗaya. Batirin wayar hannu ta zamani yana ɗaukar wajen wat 15 na awa guda. A raba 15 da 0.006, a sami awa 2,500, watau kwana 104. Wata uku da rabi ke nan dare da rana, a kan waya ɗaya, in ƙusa ba ta cinye ba, alhali tun a makon fari za ta cinye. Ƙari a kan haka, waya ba ta ma karɓar caji sai an ba ta bolt 5 tsayayye da wuta mai kauri.

A ɗauki misali na biyu. Madatsar Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, daga baya an kafa mata injinan lantarki da aka tsara su ba da megawat 10, watau wat miliyan 10. Kafin kofunan gishiri su kai wannan sai an jera fiye da miliyan dubu 6. 

Saboda haka wurin wannan batir makaranta ne. A can kuwa darajarsa ba kaɗan ba ce. Makarantu da yawa na ƙauye ba su da ɗakin gwaji, yaro ya kan haddace sunan bolt da amfiya ya ci jarrabawa bai taɓa ganin inda su ke fitowa ba. Da kuɗin da bai kai na buhun alli ba aji guda zai ga abin da ya kai Volta gaban Napoleon. Yaron da ya haɗa kofi huɗu da hannunsa, ya ga dalilin da ya sa a ke jera su, gobe in ya zama mai haɗa wutar sola ba zai ƙona wa mutane batir ba. Ana roƙon Hakimai, in sun fita rangadi sun biya makarantar Kofa ko Yako ko Burum-Burum, su tambayi Hedimasta ko yara sun taɓa yin wannan gwaji. Tambayar Hakimi ta kan yi abin da takarda goma ba ta yi ba.

Fitilun da a ke sayarwa

Akwai fitilun ruwan gishiri na gaskiya a duniya, kada a ce duka ƙarya ne. A ƙasar Filifin wata injiniya, Aisa Mijeno, ta yi suna da irinsu, har ta zauna dandali ɗaya da Shugaba Obama na Amurka a Manila a 2015. A Kolombiya ma an yi wata domin masunta na bakin teku. Alhazan da suka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano sun ji ma'aikatan jirgi na bayanin rigar ceto da ke ƙarƙashin kujera. 'Yar fitilar da ke kafaɗarta ba ta kamawa sai ruwa ya shiga batirinta. Duk waɗannan suna haske fiye da na kofi nesa ba kusa ba, domin cikinsu akwai farantin wani ƙarfe, yawanci magnisiyam ko sanholo na musamman, wanda ya fi tutiya zafin bayarwa. Amma hukuncin ɗaya ne. Farantin yana cinyewa, ranar da ya ƙare fitila ta mutu, ko an juye mata kantun Bilma guda.

Nan tutiyar baki ta ke shigowa. Mai talla zai ɗaga fitila a kasuwa ya ce ba batir, ba kananzir, ba rana, gishiri kawai har abada. Rabin magana ya faɗa. In irin wannan ya nemi izinin baje koli a ƙasar Hakimi, ko ya zo da zancen a tara kuɗi a kafa wa gari, sai malamin Hakimi ya sa shi ya buɗe fitilar ya nuna ƙarfen da ke cinyewa, ya faɗi awa nawa ya ke yi, da kuɗin sabo, da kantin da za a same shi bayan shi mai tallan ya wuce. A rubuta amsarsa a littafi, da sunansa da inda ya fito. Mai gaskiya ba ya jin nauyin waɗannan tambayoyi. In an sami kuɗin faranti da kwanakinsa, sai a gwada da kuɗin ƙaramar fitilar sola, wadda rana ke cika ta kullum kyauta, kowa ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Kada kuma a rikita wannan da batirin sodiyam da kamfanonin ƙasar Sin suka soma fitarwa tun wajen 2021, wanda waɗansu ke kira batirin gishiri. Wancan a rufe ya ke, a masana'anta a ke yinsa, ana kuma cika shi da caji kamar na waya. Na kofi ba ya karɓar caji.

Batirin da ba a gayyata ba

Akwai wani amfani na wannan ilmi da ya fi shafar aljihun jama'a. Duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu, danshi ya shiga tsakani, batir ya kafu ko ba wanda ya so, ɗaya daga cikinsu kuma zai soma cinyewa. Ƙasashen Doguwa da Tudun Wada sun fi arewacin Kano ruwan sama, daminarsu ta fi tsawo, don haka abin ya fi saurin aiki a nan.

Kwanon rufi baƙin ƙarfe ne da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya. Tutiyar ita ke ba da kanta domin ƙarfen ya tsira, ko da an ƙarce shi. Da wannan dabara a ke liƙa curin tutiya a gindin jiragen ruwa na Legas, curin ya cinye, jirgi ya zauna lafiya. To, in mai haɗa sola ya shimfiɗa tsirarar jar waya a kan rufin masallaci ko asibitin sha-ka-tafi, ya mai da rufin ƙusar kofi. Bayan 'yan damina za a ga layin tsatsa daidai inda wayar ta bi. Haka in ya murɗe wayar sanholo da jar waya wuri ɗaya ya naɗe da leda, mahaɗin zai yi farin gari, ya riƙa zafi, wata rana ya kama wuta. Maganin bai da tsada: waya ta bi cikin bututun roba, mahaɗi kuma a yi shi da maƙalin da aka ƙera domin haka.

Famfon tuƙa-tuƙa ma haka. A wurare da yawa na Afirka an ga famfo sabo ya soma ba da jan ruwa mai ɗanɗanon ƙarfe cikin shekara biyu ko uku, mata su ƙaurace masa su koma rafi. Ba rijiyar ce ta ɓaci ba, bututun mai shafen tutiya ne ruwan ke ci, musamman in ruwan yana da ɗan tsami, an kuma haɗa bututun da tagulla ko wani ƙarfe dabam a ƙasa. Sa'ad da ɗan kwangila ya zo haƙa, kafin Dagaci ya sa hannu a takardar karɓa, ya kyautu a tambaya ko an auna ruwan, da irin bututun da aka zura. In ruwan mai ci ne, na roba ko na ƙarfen da ba ya tsatsa shi ya dace.

Abubuwan kiyayewa

Gwajin kofi ba ya kama mutum, ko kofi goma aka jera. Haɗarin yana ga yaro mai son ya wuce gona da iri. Kada a tsoma wayar da ta fito daga bango, ko janareta, ko batirin mota, cikin ruwan gishiri. Ban da kisan da wutar bango ke yi nan take, lantarki mai ƙarfi yana fasa ruwan gishiri ya fid da iska iri biyu, ɗaya mai kama wuta, ɗaya mai ƙona huhu. Kada a sa ruwan batir don wai a ƙara ƙarfi, yana cin fata, yana makantarwa. Kada yara su fasa tsohon batir don neman ƙarfen ciki. Na waya in an huda shi ya kan tashi da wuta, 'yan ƙanana masu kama da anini kuwa, na agogo da makullin mota, in jariri ya haɗiye ɗaya yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu, sai a ruga asibiti ba jira.

Mafi nauyi shi ne dalma. A nan ana nufin dalma mai nauyi ta cikin batirin mota da na sola, ba wadda a ke kiran tukunya da ita ba. Yanzu da sola ta shiga ƙauyuka, matattun batura suna taruwa a zaure da bayan shago, waɗansu kuma suna fasa su, su zubad da ruwan a ƙasa, su narka dalmar a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Hakimai ba su manta da Zamfara ba. A 2010, a ƙasashen Anka da Bukkuyum, gubar dalma ta kashe yara wajen 400. Can daga dutsen zinariya ta fito, wanda a ke niƙawa a cikin gidaje, amma gubar ɗaya ce, hanyarta ɗaya ce, ƙura daga ƙasa zuwa hannun yaro, daga hannu zuwa baki. Wanda ta bari da rai ta kan taɓa masa ƙwaƙwalwa. Wannan gargaɗi ya shafi masu haƙar ma'adini a kewayen Riruwai, gama tutiya da dalma su kan zauna dutse ɗaya a wurare da yawa: kada a kai dutse gida a daka, kada a shiga da tufafin aiki inda yara su ke.

Ana so Masu-unguwa su san gidajen da a ke tara tsofaffin batura, su hana fasa su cikin gari ko kusa da rijiya. Mataccen batir a ajiye shi a tsaye, a rufe, a inuwa, har mai saye ya zo ya ɗauke shi ɗungum da ruwansa a ciki.

Ruwan kofin gwaji kuma, in an gama, kada a ba dabba, kada a zuba wa shuka. Malamin aji ya tona ɗan rami nesa da rijiya ya juye shi, yara su wanke hannu da sabulu. Kofunan a yi musu shaida da jan fenti, a ajiye su a ofishin Hedimasta tare da waya da ƙwan fitila, gama aji na baya zai bukace su, sabuwar ƙusa kaɗai za a saya.